Wa Ya Mallaki Unix? Tarihin Wata Taƙaddama Kan Haƙƙin Mallaka a Duniyar Kwamfuta

Gabatarwa

A idon doka, manhajar kwamfuta aikin adabi ce. Wannan magana tana iya ba ɗalibin harshe mamaki, amma haka take a rubuce. Yarjejeniyar ciniki ta duniya game da haƙƙin mallakar fasaha, wadda aka sa wa hannu a Marakesh ta ƙasar Maroko a 1994, ta tanadi a sashenta na 10 cewa a kare manhajar kwamfuta kamar yadda ake kare ayyukan adabi. Yarjejeniyar Bangi, wadda Nijar da Kamaru da Cadi suke bi a ƙarƙashin hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, ita ma ta lissafa manhaja cikin ayyukan da ake karewa a gyaran da aka yi mata a 1999. Wato irin dokar da ta hana a buga littafin marubuci ba da izninsa ba, ita ce ta hana a kwafi manhaja ba da iznin mai ita ba.

Ba a kai ga wannan matsayi cikin sauƙi ba, kuma tarihin babbar manhajar da ake kira Unix yana nuna yadda aka sha fama. Kafin a shiga labarin ya kamata a fayyace kalmomi biyu. Babbar manhaja ita ce wadda take tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa su yi aiki. Rubutun asali kuwa shi ne umarnin da ɗan Adam ya rubuta da hannunsa cikin wani harshen kwamfuta, wanda wani masani zai iya karantawa ya gane, ya kuma gyara. Idan aka juya wannan rubutu zuwa lambobin da inji yake ganewa, manhaja za ta yi aiki, amma karanta ta ya zama jan aiki. Saboda haka wanda ya riƙe rubutun asali shi ya riƙe wuƙa da nama.

Kamfanin da aka hana sayar da hajarsa

A 1949 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin wayar tarho na AT&T ƙara a kan ya yi babakere a harkar sadarwa. An sasanta a 1956 bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa kamfanin ba zai shiga wata sana'a ba in ban da ta sadarwa. A lokacin ba wanda ya kawo manhaja a ransa, domin ba a ma ɗauke ta haja ba. Wanda ya sayi kwamfuta, da manhajarta ake ba shi, kamar yadda ake ba wanda ya sayi keken ɗinki littafin bayani. Sai a 1969 ne kamfanin IBM ya fara sa wa manhajojinsa farashi dabam da na inji.

A wannan shekara ta 1969 ne Ken Thompson, wani ma'aikacin cibiyar bincike ta Bell Labs mallakar AT&T a jihar New Jersey, ya fara rubuta Unix a kan wata ƙaramar kwamfuta da ake kira PDP-7, bayan cibiyar ta janye daga wani babban aiki mai suna Multics. Abokin aikinsa Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C, kuma a 1973 suka sake rubuta Unix da shi. Wannan ya sa ana iya ɗauke ta daga wata irin kwamfuta a kai ta wata ba tare da an sake gini daga tushe ba, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Da suka gabatar da takarda a kan aikin a wani taron masana a ƙarshen 1973, aka kuma buga ta a 1974, sai jami'o'i suka fara aiko da roƙo.

Nan lauyoyin AT&T suka shiga tsaka mai wuya. Sharaɗin 1956 ya hana kamfanin ya kafa kasuwar manhaja, don haka sai aka riƙa ba jami'o'i lasisi a kan kuɗi kaɗan, a tura musu tef ɗauke da rubutun asali gaba ɗaya, ba talla, ba alkawarin gyara in ta lalace. Kamfanoni masu neman riba su ne aka sa wa farashi mai tsada, dala 20,000 a kan fitowa ta shida ta 1975. Da yake ba mai gyara wa kowa, masu amfani da ita suka koma gyara wa junansu. Wannan ya gano kuskure ya toshe, wancan ya ƙara wani abu, tef yana yawo daga jami'a zuwa jami'a, wasu gyare-gyaren kuma suna komawa Bell Labs a shigar da su cikin fitowa ta gaba. Cikin ƴan shekaru Unix ta zama rubutun hannaye da yawa, alhali a takarda mai ita ɗaya ne.

Akwai wani abu da lauyoyin suka yi wanda ya dawo ya ci kamfanin daga baya. Da yake ba a tabbatar a lokacin ko haƙƙin mawallafi ya shafi manhaja ba, sai suka dogara ga dokar sirrin sana'a, wato duk wanda aka ba lasisi ya yi alkawarin ba zai nuna rubutun ga wanda ba shi da lasisi ba. Suna ganin idan aka buga alamar haƙƙin mawallafi a kan rubutun, kamar an amsa cewa an wallafa shi ne, abin da aka wallafa kuwa ba ya zama sirri. Don haka suka fitar da wata fitowa mai suna 32V a 1979 ba tare da alamar ba.

Littafin John Lions

A Jami'ar New South Wales da ke Sidni a ƙasar Ostareliya akwai wani malami, John Lions, wanda ya ga cewa zuciyar fitowa ta shida ba ta kai layi 10,000 ba, wato ɗalibi zai iya karance ta cikin zango ɗaya. Kafin wannan lokaci ana koyar da darasin babbar manhaja ne da baki da zane a allo, kamar a koya wa mutum nahawu ba tare da ya taɓa ganin jimla ba. Lions ya buga rubutun asalin ya sa wa layukan lamba, sa'an nan ya rubuta sharhi yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana abin da kowane yanki yake yi, yana nuna inda marubutan suka yi gwaninta da inda suka yi rufa-rufa. Ya shirya wannan aiki a 1976 da 1977 domin ɗalibansa. Duk wanda ya san yadda malaman zaure suke bin matani da sharhi a gefe ba zai ga baƙon abu a tsarin littafin ba.

Labarin littafin ya bazu, har Bell Labs da kanta ta karɓi rarraba shi ga masu lasisi. Amma da fitowa ta bakwai ta zo a 1979, kamfanin ya fara gane cewa abin da yake rabawa dukiya ce, sai sabon lasisin ya hana a koyar da rubutun asali a aji. Littafin Lions ya zama abin da ba a samu a fili. Ɗalibai suka koma ga injin fotokwafi. Ana kwafar kwafi daga kwafi, har rubutun ya dusashe wasu layukan sai an yi ta ƙura ido, kuma aka yi kusan shekara ashirin ana haka a sassan koyon kwamfuta na ƙasashe da dama. Sai a 1996 aka ba da izni aka buga littafin a kasuwa, lokacin da kwamfutar da aka rubuta manhajar dominta ta daɗe da zama kayan tarihi. Lions ya rasu a 1998.

Hanin ya haifar da abin da kamfanin bai zata ba. Wani malami a Amsterdam, Andrew Tanenbaum, da ya rasa abin da zai koyar da shi, sai ya zauna ya rubuta tasa ƙaramar babbar manhaja mai kama da Unix, ba tare da ya ɗauki ko layi ɗaya na AT&T ba. Ya kira ta Minix, ya fitar da ita tare da littafinsa a 1987. Cikin waɗanda suka sayi littafin akwai wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds.

Doka ta sauya, kamfani ya sauya

Ana cikin haka dokar Amurka tana ta matsowa. A watan Fabrairu na 1976 Bill Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta yana zarginsu da sata, domin a cewarsa waɗanda suka biya kuɗin manhajarsa ta BASIC ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu kwamfutar Altair ba. Wani kwamiti da majalisar dokoki ta kafa ya ba da shawara a 1978 cewa a sa manhaja ƙarƙashin haƙƙin mawallafi, majalisar kuma ta gyara doka a 1980. A 1983, a shari'ar Apple da kamfanin Franklin, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa kariyar ta shafi har manhajar da aka juya zuwa lambobi aka dasa cikin inji.

Shi ma AT&T matsayinsa ya sauya. Wata sabuwar ƙara da gwamnati ta shigar a 1974 ta kai ga rarraba kamfanin daga ranar 1 ga Janairu 1984, kuma a madadin haka aka cire masa takunkumin 1956. Nan take Unix ta zama haja mai suna System V, lasisin rubutun asalinta ya koma dubun-dubatar daloli. Waɗanda suka yi shekara goma suna gyara ta kyauta suka wayi gari sai sun biya kafin su duba abin da wani yankinsa su suka rubuta.

Martani ɗaya ya fito daga Richard Stallman na cibiyar MIT, wanda ya shelanta a watan Satumba na 1983 cewa zai rubuta madadin Unix mai suna GNU, wadda kowa zai iya kwafa ya gyara. Dabararsa, wadda ta zama lasisin GPL a 1989, ita ce ya yi amfani da haƙƙin mawallafin kansa wajen ɗaure mai karɓa: an yarda ka kwafa, ka gyara, ka sayar ma, amma in za ka ba wani, dole ka ba shi rubutun asali da irin iznin da aka ba ka. Da dokar da aka yi don rufewa ya hana rufewa.

Shari'ar Berkeley

Martani na biyu, wanda ya kai ga kotu, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fito. Jami'ar ta sami Unix tun 1974, Thompson da kansa ya yi shekarar karatu ta 1975 zuwa 1976 yana koyarwa a can, kuma daga 1978 wani ɗalibi, Bill Joy, ya fara tattara ƙarin da suka yi yana rabawa da sunan BSD. Hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka ta ba su kuɗi, kuma fitowar 4.2BSD ta 1983 ta zo da ƙa'idojin sadarwa na TCP/IP, waɗanda intanet take tafiya a kansu. Matsalar ita ce duk mai son BSD sai ya fara sayen lasisin AT&T, tun da rubutun biyu a cakuɗe suke.

Sai mutanen Berkeley suka shiga tsince nasu daga na kamfanin. A 1989 suka fitar da sashen sadarwa shi kaɗai, wanda ba shakka nasu ne. Daga nan Keith Bostic ya yi kira ga masu sa kai a ko'ina su sake rubuta ƙananan manhajojin Unix ɗaya bayan ɗaya, suna duba bayanin abin da kowace take yi kawai, ba rubutun AT&T ba. Ladan mai sa kai shi ne a sa sunansa cikin jerin marubuta. A watan Yuni na 1991 aka fitar da sakamakon da sunan Net/2, babbar manhaja kusan cikakkiya, saura fayil shida na zuciyarta da ba a kai ga maye gurbinsu ba. Cikin watanni William Jolitz da matarsa Lynne suka cike giɓin suka fitar da 386BSD kyauta a 1992, wani sabon kamfani mai suna BSDi kuma ya cike nasa ya fara sayarwa a kan dala 995 tare da rubutun asali. Har lambar wayar da kamfanin ya zaɓa don talla, haruffanta suna cewa hajar tasu Unix ce. Wannan tsokana ce, kuma sunan Unix tambarin kasuwanci ne mai rajista.

A watan Afrilu na 1992 reshen AT&T mai kula da Unix, wato USL, ya kai BSDi ƙara a kotun tarayya ta New Jersey, daga baya ya haɗa da hukumar gudanarwar jami'ar. Ƙarar ta tsaya a kan ƙafa uku: tambari, haƙƙin mawallafi, da sirrin sana'a. Batun tambari bai ɗauki lokaci ba, BSDi ya daina amfani da lambar. Sauran biyun ne suka yi nauyi. USL ya yi iƙirarin cewa ko da an sake rubuta kowane layi, waɗanda suka rubuta sun riga sun karanta na asali shekara da shekaru, don haka tsarinsa da dabarunsa sun zauna musu a kai, abin da suka fitar kuma ɗan na asalin ne. Da kotu ta karɓi wannan hujja yadda aka kawo ta, da kusan duk wanda ya koyi kwamfuta a jami'a a waɗannan shekaru ya zama ba shi da ikon rubuta babbar manhaja sai da iznin kamfani ɗaya. Misalinsa a adabi shi ne a ce wanda ya haddace waƙoƙin wani sha'iri ba shi da ikon yin tasa waƙa a wannan kari.

Alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi ba da umarnin dakatar da sayarwa a 1993. Dalilinsa mafi ƙarfi ya koma kan shawarar nan ta lauyoyi ta 1979. Kafin Amurka ta shiga Yarjejeniyar Bern a 1989, wanda ya wallafa aiki ba tare da alamar haƙƙin mawallafi ba yana iya rasa haƙƙin nasa. An raba 32V ga dubban masu lasisi ba alama, don haka alƙalin ya ga da wuya USL ya tabbatar yana da haƙƙi a kanta. Game da sirri kuwa, bai gamsu cewa an nuna masa wani sirrin da ya saura ba a cikin abin da aka yi shekaru ana karantawa ana rubuta littattafai a kansa. Kamfanin ya so ya ci riba biyu, sirri da wallafa, sai ga shi yana neman rasa duka.

Jami'ar ba ta tsaya kāre kai kawai ba. Ta shigar da tata ƙarar a kotun jihar Kalifoniya, tana cewa System V cike take da rubutun Berkeley wanda aka cire sunayen marubutansa, alhali sharaɗin da jami'ar ta gindaya bai wuce a ambace ta ba. Mai ƙarar sata ya zama wanda ake ƙara da shafe sunan mai abu. Ana cikin haka kamfanin Novell ya sayi USL a 1993, shugabansa Ray Noorda kuma ya nuna ya fi son gasa a kasuwa da zaman kotu. A farkon 1994 aka sasanta. Daga cikin fayil kusan 18,000, uku aka cire, aka ƙara alamar haƙƙin USL a kan wasu kimanin 70 waɗanda aka ci gaba da rabawa kyauta. An ɓoye cikakkun sharuɗɗan sulhun har 2004, lokacin da aka fito da su ta hanyar dokar Kalifoniya ta ba jama'a damar ganin takardun hukuma.

Berkeley ta yi nasara, amma shekara biyun da aka yi ana shari'a sun yi mata tsada. Kamfanoni da masu sa kai sun yi ɗari-ɗari da manhajar da ba a san makomarta ba. A daidai wannan lokaci ne Linux take tasowa, wadda Torvalds ya shelanta a watan Agusta na 1991 ya kuma sa ta ƙarƙashin GPL a 1992. Ba ta da layin AT&T ko ɗaya a lokacin, kuma da aka haɗa ta da kayan aikin GNU sai ta zama cikakkiyar babbar manhaja. Torvalds da kansa ya faɗa a wata hira a 1993 cewa da 386BSD tana nan lokacin da ya fara, mai yiwuwa da ba a yi Linux ba. Ba shari'ar kaɗai ce ta jawo haka ba, domin rarrabuwar kai tsakanin masu BSD ma ta taimaka, amma jinkirin ya zo a lokacin da kwamfutar tebur da intanet suke bazuwa, kuma wanda ya riga shiga kasuwa a irin wannan lokaci da wuya a fitar da shi. Duk da haka zuriyar BSD ba ta mutu ba: akwai FreeBSD da NetBSD da OpenBSD, akwai kuma rubutunta a cikin manhajar kwamfutocin Apple da wayoyinsa. Linux kuwa ita ce zuciyar Android, wato tana cikin wayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Damagaram da Garwa da Kumasi.

Ƙarar SCO

Bayan sulhun dukiyar Unix ta rarrabu. Novell ya miƙa tambarin ga wata ƙungiyar kamfanoni mai suna X/Open, wadda ta zama The Open Group a 1996, ya kuma sayar da harkar cinikin ga kamfanin Santa Cruz Operation a 1995. Wannan ya sayar wa Caldera a 2001, wani kamfanin da asalinsa Linux yake sayarwa. A watan Janairu na 2002 Caldera ya saki tsofaffin fitowar Unix, har da ta shida da Lions ya yi wa sharhi da 32V, kowa ya ɗauka kyauta. Sai shugabanci ya sauya, kamfanin ya koma SCO Group, kuma a watan Maris na 2003 ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, a kan zargin ya kwashi rubutun Unix ya zuba cikin Linux. Daga baya kuɗin ya hau zuwa biliyan 5. Kamfanin ya nemi masu amfani da Linux su biya shi dala 699 a kan kowace kwamfuta mai ƙwaƙwalwa ɗaya, ya kuma kai wasu kamfanoni biyu, AutoZone da DaimlerChrysler, ƙara a 2004.

Sai Novell ya fito ya ce ai bai taɓa sayar da haƙƙin mawallafin Unix ba, harkar ciniki kawai ya sayar, kuma takardar cinikin 1995 ta ware haƙƙin daga abin da aka sayar. Aka koma kotu a jihar Utah a kan ma'anar jimlolin wannan takarda da wani gyara da aka yi mata a 1996. A watan Agusta na 2007 alƙali Dale Kimball ya ba Novell gaskiya, wata ɗaya bayan haka SCO ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da batun a sake saurare a 2009, kuma a watan Maris na 2010 masu taya alƙali yanke hukunci suka tabbatar cewa haƙƙin na Novell ne. Wato kamfanin da ya yi shekara bakwai yana neman kuɗi daga masu Linux bai mallaki haƙƙin da yake iƙirari ba. Ragowar ƙarar IBM, wadda ta shafi wani tsohon aikin haɗin gwiwa tsakanin IBM da Santa Cruz Operation, ta ci gaba da jan ƙafa har 2021, lokacin da IBM ya biya mai kula da dukiyar karyayyen kamfanin dala miliyan 14.25 aka rufe ta, shekara 18 bayan shigar da ita.